Tambayoyin da Ke Tafin Hannun Malamin Kiɗa

Sabuwar malamar da ke buga masa fiyano ce kaɗai ta lura cewa malamin kiɗa ba ya buɗe hannunsa na hagu sai ya juya wa ɗalibai baya. Tambayoyi ne a tafin, rubuce da biro. Ya kwaso su ne daga wata bita ta kwana uku, inda aka ce musu malamin zamani ba ya faɗa wa yaro amsa, tambayarsa yake yi.

Shekararsa goma sha tara a ɗakin nan na ƙarshen baranda, shi da ganguna huɗu da fanka mai kuka. A da in yaro ya kauce, tsawa yake daka masa ya rera masa daidai, kuma yaran suna iyawa. Yanzu shugabancin sashen kiɗa da zane yake nema, ya duba takardar da ake cikewa bai ga gurbin tsawa ba.

Tun daga nan, kullum a aji sai ya tsayar da waƙa, ya ɗaga gira kamar mai zurfin tunani.

"Me kuka ji?"

"Mun yi sauri, Malam."

"A ina?"

"A baiti na biyu."

"Wa zai gyara?"

"Mu duka, Malam."

Ko gudu suka yi, ko jan ƙafa, amsar ke nan. Cikin mako biyu sun haddace ta, masu ganga har da hamma suke bayarwa. Malamar ta taɓa ce masa a hankali, "Malam, yau fa 'yan baya ne ba su shigo a kan lokaci ba."

"Ƙanwata, ke dai buga abinki. Wannan hanya sai wanda ya je bita."

Ranar da shugabar makaranta ta kawo baƙo daga ofishin ilimi don a duba darasinsa kafin a ba da kujerar shugaban sashen, Malam ya sha kwat. Yaran suka ɗauki waƙar da daɗi, irin daɗin da malamar ba ta taɓa ji daga bakinsu ba. Shi kuwa tambayoyin na cin sa. Layi uku kacal ya bari suka yi, ya ɗaga hannu.

"Me kuka ji?"

"Mun yi sauri, Malam."

Baƙon ya gyara zama. "Ni dai ban ji sauri ba. Ke ta gaba, a ina kuka yi shi?"

"A baiti na biyu."

"Ai ba ku kai baiti na biyu ba, 'yata. Wa ya ji saurin?"

"Mu duka, Malam," in ji ajin baki ɗaya.

Malamar ta sunkuyar da kai kan fiyano. Shugabar ta rufe fayil, ta ce wa Malam a bakin ƙofa kada ya damu, malamin zane zai riƙe sashen, shi ya ci gaba da ƙoƙari.

Da aka tashi, Malam ya jera kujerun a jikin bango, ya kulle ɗakin, ya tafi ɗauko 'yarsa daga makaranta.