Allon Malam Alhassan Mai Jarida

Kafin 'yan keke su cika titi, Malam Alhassan ya riga ya kafa teburinsa a gindin dalbejiyar da ke kusa da tashar jirgi. Zai jera jaridu, ya danne kowace da dutse, sannan ya jingina baƙin allo a jikin bishiyar, ya ciro alli daga aljihu. Hannu kawai yake sawa ya ja layuka, ba ruwansa da rula. Daga nan sai ya buɗe shafin baya na jarida ya kwafe sudokun ranar, kuma mafi wuya yake zaɓa. Haka yake yi tun 2007.

Mu ne sanadin allon, mu 'yan karatun kyauta da muke zagaye tebur ba ma sayen ko ɗaya. Kwantan jarida ana mayar wa kamfani, amma ba a karɓar wadda aka yi wa rubutu. Da wasan nan na cike gidaje da lambobi ya shigo, sai kowa ya fara zaro biro a ɓoye. Da wani mai tebur ne, korar mu zai yi. Malam Alhassan, jikan mutanen da suka biyo layin dogo suka zauna a Minna, kafinta ya nema ya yi masa allo.

Dokar wasan ba yawa: kowane layi, a kwance ko a tsaye, da kowane ƙaramin akwati, sai ya ɗauki ɗaya zuwa tara ba maimaici. Amma mai wuyar, wallahi sai ya tsayar da kai cak. A nan ne muka san Malam. Canki-canki haramun ne a allonsa. In ka sa lamba, sai ka faɗi hujja. Ya koya mana rubuta ƙananan lambobi a kusurwar gida, duk waɗanda za su iya zama a ciki. Ya nuna mana tagwaye: gida biyu a layi ɗaya da lambobi biyu kaɗai suka rage musu, iri ɗaya, to sauran gidajen layin sai su haƙura da su. Akwai wanda yake kira layin dogo: in lamba ba ta da mazauni a layuka biyu na kwance sai a kan layuka biyu na tsaye iri ɗaya, to ka share ta daga ragowar gidajen waɗannan na tsayen. In duk sun gaza, sai bin sawu: ka ce a ranka nan uku ne, ka bi abin da zai haifar gida-gida, har ka ga inda zai karye.

Su wa yake koya wa? 'Yan fansho da gida ya ishe su, da samari masu digiri da suka gaji da duba shafin neman aiki. Baba Gaiya, tsohon ma'aikacin safiyo, ya faɗa mini da bakinsa cewa bayan rasuwar matarsa allon nan ne kaɗai yake sa shi wanka da safe ya fito. Wani saurayi mai suna Jiya kuwa, wanda ya shekara uku yana yawo da takardunsa, ya ce nan ne kawai wurin da in ya yi tunani daidai yake ganin sakamako.

Kai ne, Malam, ka ba mutanen da gari ya manta da su abin yi da kansu. Ko sau ɗaya ban ga ka yi wa wanda ya kasa dariya ba.

A daminar bara abin ya fara. Wata Talata muka taru a kan allo tun hantsi, wasa ya ƙi. Baba Gaiya ya bi sawu ta hagu, ya karye. Ya bi ta dama, ya karye. Wani gida a tsakiya ya rage babu lambar da za ta shige shi. Muka zagi masu jarida son ranmu, don ba wanda ya kawo a ransa cewa Malam zai yi kuskuren kwafa. Sai Jiya ya ɗauko jaridar ya kara da allo. Takwas ce a takarda, uku a allo. Ya dube mu, muka dube shi, ya lallaɓa ya gyara da alli yayin da Malam ke sallamar wani mai mota.

Muka ci gaba da haka wajen wata biyu, muna gyarawa a ɓoye, muna ganin mun iya. Ashe yana sane. Rannan ya ajiye alli ya ce, "Baba Gaiya, ku daina wahalar ɓoyewa. Hannuna na san yadda yake rubuta takwas, wannan ba tawa ba ce." Sannan ya gaya mana likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma tafiya yake.

Baba Gaiya ya karɓi aikin karanta masa lambobin kowace safiya, shi yana rubutawa. Abin mamaki, ko da gani ya ja baya, yana riƙe allon duka a ka, ya ce a duba layi na huɗu da na bakwai, akwai layin dogo a kan biyar. Amma a farkon bana 'ya'yan Baba Gaiya suka mayar da shi gida Kagoro. Jiya ya tafi Abuja acaɓa. Ni an mayar da ni Kuta da aiki, sai Asabar nake leƙowa. Samarin yanzu suna da wasan a waya, wayar ma tana nuna musu amsa in sun gaji. Abin yana ci mini rai, kuma ban ga mafita ba.

'Yarsa Sakinatu tana so ya naɗe tebur ƙarshen wata, kuma da gaskiyarta. Na tambaye shi me yake so a yi masa. Ya ce, "Ba asibiti nake nema ba, wannan an gama. Mutum ɗaya nake so, mai ido, ya tsaya da safe ya karanta mini lambobin."

Mun gode, Malam Alhassan. Allah ya saka maka, ya sa haƙurinka ya zama haske a gare ka. Ku kuma mutanen Minna da kuke wucewa ta tashar jirgi, abin da ya nema bai fi a tsaya ba. Ranar Litinin da ta wuce na biyo ta wurin a mota zan koma Kuta, a makare, ban iya sauka ba. Ya ja layukansa tsaf, gidaje duk a buɗe babu lamba ko ɗaya, yana zaune da alli a hannu da jarida a cinya, yana ɗaga kai duk lokacin da ya ji takun mutum.