Tsuntsun da ba ni da sunansa

Shekarar da na je Doha zaman jegon 'yata, na tarar da babbar jikata bakinta cike da Turanci, Hausar sai ɗiɗɗiga. Gidansu a unguwar Bin Omran yake, ɗaki biyu a saman bene. Uban direba ne, ba ya wuni a gida. Gaisuwa kawai ke haɗa ni da yarinyar. In na ce zo ƙawata in yi miki tatsuniya, sai ta yi murmushi ta zame.

Ni kuwa a garinmu ni ake tambaya sunan tsuntsu. Yadda muka gada haka nake raba su, masu cin hatsi daban, masu bin shanu daban, ga na bakin ruwa, ga masu shan fure. Uwar yarinyar ta sha yi mata kuri da ni a kan haka.

Ran nan bayan la'asar sai ga ta da wayar uwarta. Ta durƙusa gefen tabarmata, ta harhaɗa Hausarta da ƙyar.

"Kaka, wannan yaya sunansa?"

Hoton wani ɗan mitsitsin tsuntsu ne, bai kai tsawon yatsana ba, baki kamar allura, yana tsaye cak a iska gaban fure, fukafukan ba sa ganuwa don sauri. A makaranta aka ce kowa ya kawo sunansa da harshen gidansu.

Na ce sha-kauci ne. Ta girgiza kai. Uwar ta fassara mini, wai malamarsu ta ce kama ce kawai, ba dangin juna ba ne. Wannan can ƙetaren teku yake, har da baya-baya yana tashi. Su kansu gida-gida ne, wannan shi ne autansu, da ƙudan zuma ake kwatanta shi, ƙwansa kamar ƙwayar wake.

Na sake dubawa. Na zagaya fadamar garinmu a raina, na bi tsamiyoyi da kukoki ɗaya bayan ɗaya, na dawo hannu Rabbana.

"Ban san shi ba, ƙawata."

Ta ce to, ta tashi. Uwar ta sunkuyar da kai kan jaririn. Tambayar farko da yarinyar nan ta yi mini da harshenmu ke nan. Na ce a raina ba za ta ƙara zuwa ba.

Washegari ta dawo da wayar. Hoton zabo ne. Zabo fa, wanda ko ita na tabbata ta san sunansa. Tana kallona ta wutsiyar ido, tana jira. Nan na gane tausayina take ji, ta zaɓo mini mai sauƙi, yadda ake tsame wa marar haƙori tsoka mai laushi. Kunyar ta fi ta jiya nauyi. Na ja mayafina, na matsa mata a tabarma.

"Zabo ne. Zauna ki ji yadda aka yi ya sami zanen jikinsa."

Ta zauna.