Tsakuwa Ɗaya, Ƙasa Biyu

Abokin zamana a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira mutum ne mai ƙasa biyu, muddin yana da lafiya. Gidan ubansa na Najeriya, gonarsu na Nijar, kuma tun yana goye kowace ƙasa ta yi masa rigakafi a hannu guda. In ana ƙidaya ko zaɓe, kokawa ake yi a kansa. A Alƙahira ma haka: walimar 'yan Najeriya da shi, ta 'yan Nijar da shi, bai taɓa barin shinkafar kowa ta yi kwantai ba.

Sai tsakuwa ta tsaya masa a ƙoda.

Likita ya ce in ba ta fita da kanta ba sai an yi aiki, in kuwa aka yi jinkiri ƙodar ce za ta tafi. Magatakardan asibiti kuma ya yi mana tambayar da ba a koya mana a aji ba: baƙo ne, inshorarsa ta ƙare, wa zai ɗauki nauyi? "Ma'alish," in ji shi, wato a yi haƙuri, kalmar da a Masar takan zama magani, hukunci da sallama gaba ɗaya.

Na je wurin babban ɗaliban Najeriya.

"Haba malam, ai ɗan Nijar ne! Ba ka ga yadda yake dafa shayi ba?"

Na Nijar, dattijo mai sanyin murya, ya ja carbi ya ce, "Ɗan'uwa, inda aka binne cibiyarsa nan ne ƙasarsa. Mu gero muka ba shi, ba ƙoda ba."

Aka kafa kwamiti. Aka buɗe babin ciyarwa a littattafan fiƙihu, aka gano akwai saɓanin malamai, kowa ya samu natsuwa, ban da mai ƙodar.

Amma dubiya ba ta jiran kwamiti. Misirawa sun yi imani ruwan rake na wanke ƙoda, don haka 'yan Najeriya suka zo da jarka guda. Labari ya kai wa 'yan Nijar, suka zo da wadda ta fi ta. Shi kuwa tarbiyyar ƙauye gare shi, ba ya mayar da hannun baƙo.

"Yalla, maza sha!" in ji wani ɗan Nijar. "Allah ya sa kaffara ne."

"Wallahi, Yaya, cikina ya cika."

"Au, nasu ka shanye, namu ne mai guba?"

Haka ya yi ta sha wa ƙasa biyu, ni kuma aikina buɗe masa ƙofar banɗaki. Wata safiya muka ji ihu daga can ciki, sai ga shi ya fito yana gumi, da wani abu kamar ƙwayar dawa a tafinsa. Likita ya duba hoton ƙodar ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Ba aiki.

Kafin la'asar ya koma ɗan ƙasa biyu. Kowane ɓangare ya rantse raken jarkarsa ne ya yi aikin, kuma kowanne ya shirya walimar godiya. Kwamiti ma ya zauna, ya yanke cewa nauyin a raba shi biyu daidai, tunda yanzu babu shi.

Tsakuwar ya ajiye ta a tsohuwar kwalbar turare, ya ce duk ƙasar da ke son rabonta ta aiko. Har muka gama karatu ba wadda ta aiko.