Maganin Kare

Shekarun baya, Turawa ba su daɗe da miƙa mulki ba, ina saurayi a Dakoro. Na ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, ina jin kaina kamar ni na haifi Faransanci. Mahaifina ya rasu ya bar mana awaki da kare guda, dogo siriri, wanda ya samo wurin wani Buzu can wajen Azagor. Albarkacin karen nan dila bai taɓa ɗaukar mana ko ɗan akuya ɗaya ba. Kuma ba ya cin abinci a hannun kowa sai na mahaifiyata.

Aibinsa ɗaya, tsoron tsawa. Tun ranar da aradu ta faɗa kan wani gawo yana kusa, da hadari ya haɗo sai jikinsa ya kama ɓari, yana kuka, yana tonon gindin katanga har faratansa su yi jini. Mahaifiyata sai ta bar aikinta ta zauna kusa da shi tana lallashi, maƙwabta suna leƙe suna dariya. Ni dariyar nan ce ta dame ni.

Abokina, wanda ya taɓa yin kuku a gidan wani Bature, shi ya ce mini, "Kai, wahalar banza kuke sha. Akwai ƙwaya. Madam, matar Baturen, in za su yi tafiya a mota takan ba karenta rabi, ya yi ta barci har Maraɗi, ya farka garau."

Ran kasuwa na tarar da wani mai farar riga ya baza kwalabe a tabarma. An ce ya taɓa aiki da likitan dabbobi, kowa lokotoro yake ce masa, wato likita. Na gyara murya na gaishe shi da bonjur, don ya san ba da baƙauye yake magana ba. Sannan na ce, "Maganin kare nake so. Ya hana mu sakat da kuka, so nake ya kwanta ya yi shiru."

Ko "karen wa?" bai ce ba. Ya ƙulle wani farin gari a takarda ya miƙo mini. "Cusa masa a tuwo. Sau ɗaya ya isa, ba ka ƙara jin bakinsa."

Ni kuwa, sakarai, har da yi masa godiya da mersi.

Da la'asar hadari ya taso. Mahaifiyata ta juya ƙullin a hannunta ta ce, "Ka tabbata ba zai cuce shi ba?"

Na ce, "Haba Inna! Irin wanda Turawa ke ba nasu ne fa."

Ta murje garin cikin lomar tuwo. Karen ya shinshina ya kau da kai. Ta shafa wuyansa, ta yi masa magana a hankali, sai ya karɓa, don hannunta ne. Ba zan faɗa muku abin da na gani bayan nan ba. Barci dai bai yi ba. Kafin ruwa ya sauko ya sandare a gindin katangar.

Da gudu na koma kasuwa cikin ruwa. Na sami mai farar rigar a rumfa yana tattara kwalabensa. Na ce, "Azzalumi, ka kashe mana kare!"

Ko gezau. Ya ce, "Me ka ce in ba ka?"

"Maganin kare!"

"To? In ka sayi maganin ɓera, so kake ɓera ya samu lafiya? Da na barci kake so ai sai ka ce na barci. Ni ba ni ma da shi."

Masu fakewa a rumfar suka kwashe da dariya. Wani dattijo har yana cewa, "Samari, duk wannan a kan kare?" Wallahi na shaƙo wuyan farar rigar nan, sai da mutum uku suka ɓamɓare ni.

Har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa. Tambaya ɗaya tak, da ya yi ta da shi ke nan. Mutum ya sa farar riga, ya bari ana ce masa lokotoro, ya miƙa guba kamar gishiri! Kwanan baya na raka jikata ta kai kyanwarta wurin likitan dabbobi na gaskiya don a ba ta abin da zai kwantar mata da hankali a mota. Sai da ya auna nauyin kyanwar, ya yi tambaya ta fi goma. Ni ma na tsare shi da tawa tambayar har jikata ta ji kunya.

Amma babban haushin na kaina ne. Mahaifiyata ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Da na dawo jiƙe sharkaf na same ta tsugune tana ta wanke hannunta na dama da toka. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Da ka bar ni ina zama kusa da shi. Ai ban ce maka na gaji ba."