Bokiti Uku na Ƙanwata

Ƙanwata ta shekara ashirin da shida tana wankin zannuwan gado a wani asibiti. Ba ta da kyau, ni na kwashe shi duka, amma hannunta ya san ruwa.

Bokiti uku take jerawa. A na farko ta zuba garin bilic cikin ruwan ɗumi, ta dama da sanda har gudaji su mutu. Sai ta bar shi ya kwanta. Wanda ya narke ya bi ruwa, wanda ya ƙi ya taru a ƙasa kamar alli. Ta tsiyaye na saman a bokiti na biyu, ta tace da ƙyalle zuwa na uku. Takan ce jiƙa daban, narkewa daban, kuma ruwa ma yana ƙoshi: in ya ƙoshi, ko ka kwana kana damawa ba zai ƙara ɗauka ba.

Sai aka kawo sabon shugaban sashe, mai takalmi kamar madubi. Ya ce bokitan ɓata lokaci ne, a zuba garin kai tsaye cikin kwamin wanki. Ta ce ba da hannunta ba. Sauran ma'aikata suka zuba. Kafin wata guda zannuwa suka yi huji-huji kamar rariya, shi kuwa ya rubuta cewa tsohuwa ce ta lalata su, a sallame ta.

Ranar da aka kira ta gaban manya, ta shiga da bokitinta. Ta zuba garin a ruwan sanyi yadda shugaban sashen ya umarta, ta juya sau ɗaya, ta dube shi.

"Ɗan nan, ya narke?"

"Ya narke mana, Baba."

"To ba ni hankicinka in jiƙa."

Hankicin nan fari fat, har da ado a baki. Ya dafe aljihu.

"Ai ya narke, yallaɓai. Tsoron me kake?"

Ta cusa hannu ta ɗebo farin tsaki daga ƙasan bokitin, ta shimfiɗa zanin gado ɗaya, ta yaryaɗa shi kusa da hujojin. Girmansu ɗaya.

Babbar ma'aikaciyar jinya ta naɗe takardar sallamar, ta tambaye ta bokiti nawa take bukata.

"Huɗu," in ji ƙanwata. "Ɗaya na yallaɓai ne, ya koyi damu."