Buhun Malama Barira

Tun kafin a buga ƙararrawa Malama Barira take sauka daga acaɓa a ƙofar wata firamare da ke gefen Unguwar Ya, da tsohon buhun taki a hannu. Abin da ke ciki bai yi kama da kayan malanta ba: gwangwani, tsakuwa, ɓawon gyaɗa, ƙwarya, tsumma, murfin kwano. Yaran aji ɗaya sai su rufe ido, ta girgiza abu ɗaya, ta ce, "To, me ya ce?"

"Kacau-kacau!"

"A'a, Malama, ƙwaras-ƙwaras ya ce!"

A wasan nan ba mai faɗuwa. Yadda kunnenka ya ji, da harshen da kake yi a gida, haka za ta rubuta a allo, ka ga ƙarar ta zama harafi. Haka ta yi a Dingaya ta Gwaram, haka ta ci gaba da aka dawo da ita ƙasar Birnin Kudu. Malam Safiyanu na aji biyu, wanda bango ɗaya ya raba su, ya sha leƙowa ya ce, "Malama, aji ne wannan ko kasuwar kaji?"

Shi ne kuma shaidar labarin Dada, wata 'yar Fulani daga rugar bayan gari, wadda ba ta jin Hausa sosai. Zango guda tana zaune a ƙurya, ko tari ba a ji ta yi ba. Mahaifinta, Malam Badaru, ya zo ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: yarinya ba ta ƙaru da komai ba, ranar Juma'a zai ɗauke ta ta koma kiwo.

Abin ya dami Malama ƙwarai, amma ba ta roƙe shi ba. Ranar Juma'ar ta jiƙa tsumma, ta riƙa matsa shi cikin ƙwarya a hankali, hannu na bin hannu. Yara suka ce ɗis-ɗis, wasu suka ce ruwan indararo ne. Sai aka ji wata 'yar murya daga ƙurya.

"Kosam."

Madara ke nan da Fulatanci. Dada ta ji tatsa, ƙarar da take farkawa da ita kullum.

"Zo ki nuna mana," in ji Malama.

Ta taso, ta yi musu da baki yadda madara ke cewa tsirr-tsirr a busasshiyar ƙwarya, da yadda ƙarar ke lafawa in kumfa ya taso. Ta yi kukan saniya mai kiran maraƙinta. Ta ce "nagge," aji ya amsa "nagge!" Suka ce mata "saniya," ta maimaita tana rufe baki don dariya. Malama ta rubuta kalmomin biyu kusa da juna.

Malam Badaru yana tsaye a taga, sanda a kafaɗa. Ya daɗe yana sauraro. Da Malam Safiyanu ya tambaye shi ko a kira masa ita, sai ya ce, "Ƙyale ta, tana aiki." Ya juya ya tafi shi kaɗai.

Malama, ke ce mai kunnen aji ɗaya. Ke ce kika gane yaron da ya yi shiru ba wai ba shi da magana ba ne, ba a taɓo abin da ya sani ba ne. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ki huta lafiya.

Watan jiya ta yi ritaya. Dada tana sakandare a Birnin Kudu yanzu, an ce surutu har sai an tsawata mata. Buhun kuwa Malama ba ta tafi da shi ba, yana nan rataye a ƙusa bayan ƙofar aji. Duk malamin da aka turo, don Allah ya sauke shi. Bana ma akwai yara biyu a ƙuryar nan da ba a ji muryarsu ba tukuna.