Ranar da Gwaggo Malineo ta Ajiye Magani

Na tarar da maganin ƙanjamau na wata uku a ƙarƙashin keken ɗinkin Gwaggo Malineo, ba a taɓa ba. Shekara goma sha huɗu tana sha a garin Mafeteng ba fashi. Da gwaji ya daina ganin cutar a jininta, sai ta yanka tunkiya ta gode wa kakanni, ta ajiye maganin.

Na ce, "Gwaggo, cutar na ɓoye cikin ƙwayoyin garkuwar jiki masu barci, inda magani ba ya taɓa ta. In kin daina sha, sai ta farka."

"Malama mai digiri! Ni da na goya ki?" Tana dariya ta yafa bargonta, ta riga ni fita zuwa asibiti.

Ta koma shan magani. An ɗebi jini, sakamako sai Alhamis.